Ƙaramar Ita Ke Ɗaukar Babban Kaya

Edita ya daɗe yana bina bashin darasin kimiyya da Hausa. Na rasa wanda zan zaɓa, sai ga wani abu ya same ni a kasuwar Mubi cikin bazarar da ta wuce, shi ya yanke mini shawara.

Talabijin ɗina ce ta mutu, na ɗauke ta ranar wata Asabar na kai rumfar wani mai gyara. Da na isa sai na tarar ashe yarona ne, na koyar da shi kimiyya a sakandare tun kafin in zo kwalejin nan. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo mini ruwa, sa'an nan ya kwance bayan akwatin. Bai daɗe ba ya nuna mini wata kafasita mai kama da ɗan gwangwani, kanta ya kumbura. A jikinta an rubuta 100 µF da 400 V.

Ya ce, "Malam, ga mai laifin. Amma ba ni da irinta, sai an aika Yola, ko kuwa Kano." Ya yi shiru kaɗan, sai ya jawo wani kwali na tarkace ya tsamo guda biyu, ɗaya 470 µF, ɗaya 100 µF, kowace an rubuta mata 200 V. Ya ce, "Ai ku kuka koya mana, Malam. In an jera su bi da bi, boltej ɗinsu haɗuwa ya ke yi. 200 da 200, 400 ke nan."

Ni kuwa zafin rana ya ishe ni, na gyaɗa kai kawai, ban yi lissafin kome ba. Ya like su da dalma, ya kunna, hoto ya fito tas. Muna cikin hirar 'yan ajinsu, sai muka ji fus! Hayaƙi ya tashi, wani ruwa mai zafi ya fantsamo ya same shi a kunci, ƙasa da ido kaɗan. Allah ya kiyaye. Da muka duba, sai muka ga ƙaramar ce ta fashe, babbar kuwa lafiya lau.

Ya dube ni ya ce, "Malam, don me ƙaramar?" Kunya ta kama ni, domin na gane rabin magana na ba su a aji, rabin nan kuwa ya kusa cin idon yaro. Sauran rabin shi ne darasinmu na yau.

Mece ce kafasita?

In ka fasa ta ba za ka ga wani abin mamaki ba. Fallen ƙarfe ne guda biyu, sirara ƙwarai, an sa wani abin da wuta ba ta ratsawa a tsakaninsu, aka naɗe su kamar tabarma, aka fito da ƙafa ɗaya daga kowane falle. Idan aka haɗa ƙafafun da batir, sai batir ya kwashi ƙananan ƙwayoyin lantarki, waɗanda a ke kira ilektoron, daga falle ɗaya ya tara su a ɗayan. Ba su da hanyar ƙetarawa ta tsakiya, sai su tsaya nan. Ko an cire batir suna nan a ajiye. Watau dai kafasita rumbun wuta ce.

Asalinta kwalba ce. A 1745 wani Bajamushe mai suna Ewald von Kleist ya gano a kan iya tara wuta cikin kwalbar ruwa, a farkon 1746 kuma wani shehun malami, Pieter van Musschenbroek, ya yi irin wannan gwaji a birnin Laidin na ƙasar Holan. Wutar ta fizge shi fizga mai tsanani, har ya rubuta wa wani masani a Faris cewa ko za a ba shi mulkin Faransa ba ya sakewa. Kun ga ashe tun ranar haihuwarta ta ke gargaɗin mutane.

Abubuwa uku

Duk lissafin nan a kan abu uku ya ke tafiya.

Na farko caji, watau yawan wutar da aka tara. Harafinsa Q, ma'auninsa kulom.

Na biyu boltej, watau matsin wutar tsakanin ƙafafun nan biyu. Harafinsa V, ma'auninsa bolt, daga sunan Alessandro Volta, mutumin Italiya wanda ya ƙago batir a 1800.

Na uku ci. Yadda mu kan ce tulu kaza yana cin ruwa guga biyu, haka kafasita ta ke da nata cin. Harafinsa C, ma'auninsa farad, daga sunan Michael Faraday na Ingila. Amma farad guda ya yi girma da yawa, saboda haka a kan raba shi gida miliyan a ɗauki kashi ɗaya. Shi ne maikirofarad, alamarsa µF. Haka kuma a ke da maikirokulom, µC.

Ga ƙa'idar da ta ɗaure su:

Q = C × V, watau V = Q ÷ C.

Domin ta zauna muku, ku ɗauki kafasita kamar mazubi. Ruwan da ke ciki shi ne caji, faɗin mazubin shi ne ci, tsawon da ruwan ya kai shi ne boltej. In ka zuba kofi ɗaya na ruwa a daro, da ƙyar zai rufe gindinsa. In ka zuba kofi ɗayan nan a kwalba, sai ka ga ya hau sama. Ruwa ɗaya, amma tsawo daban. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Lambar bolt da a ke rubutawa a jikin kafasita kuwa ita ce bakin mazubin. Ba ta nufin boltej ɗin da ke cikinta ke nan. Iyaka ce, wadda in an wuce ta abin da ya raba fallayen zai huje.

Haɗin tsani

Hanya biyu a ke haɗa kafasitoci. Ta farko ita ce wadda masu gyara ke kira faralel. Ni na fi so in kira ta haɗin tsani, domin wayoyi biyu ne suka miƙe kamar sandunan tsani, kowace kafasita ta gitta tsakaninsu kamar matakala, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

Tun da ya ke dukansu wayoyin nan biyu suka taka, boltej ɗinsu ɗaya ne. Kamar duro biyu ne, babba da ƙarami, aka haɗa su da tiyo ta ƙasa. Tsawon ruwa zai daidaita, amma babban ya fi ɗiba.

Ga misali. Batirin mota mai bolt 12, da kafasita biyu, 3 µF da 6 µF.

Boltej na kowace: 12.
Cajin ta farko: 3 × 12 = 36 µC.
Cajin ta biyu: 6 × 12 = 72 µC.
Jimlar caji: 108 µC.
Jimlar ci: 3 + 6 = 9 µF, kuma 9 × 12 = 108. Lissafi ya yi daidai.

Saboda haka a haɗin tsani tara ci a ke yi. Wannan yana da amfani a watan Afrilu, sa'ad da fanka ta ke juyi kamar mai jin barci. In fankar tana bukatar 2.5 µF, ba a samu ba, ana iya haɗa 1.5 µF da 1 µF a tsani, su ba da 2.5. Amma fa kowace za ta sha dukan boltej, don haka iyakar haɗin ita ce iyakar wadda ta fi rauni. In ɗaya 450 V ce, ɗaya 250 V, to haɗin na 250 ne. Na fanka yawanci 400 ko 450 a ke rubuta musu, domin sa'ad da injin ke juyawa boltej ɗin da ke kansu ya kan wuce na gidan. Kuma dole su zama irin na fanka. Masu alamar + da − ba su yin wannan aiki.

Haɗin sarƙa

Hanya ta biyu ita ce siris, ni kuwa na kira ta haɗin sarƙa. Ƙafar ta farko ta kama batir, ɗayar ƙafarta ta kama ƙafar ta biyu, ragowar ƙafar ta biyu ta koma batir. Hanya guda ce, ba reshe.

To, a nan abin da ya daidaita shi ne caji. Ku duba dalili. Fallen dama na ta farko, da fallen hagu na ta biyu, da guntun wayar da ta haɗa su, sun zama kamar tsibiri. Ba abin da zai shigo musu daga waje, ba abin da zai fita. In ilektoron dubu suka bar wannan falle, ba inda za su sai wancan. Saboda haka duk abin da ta farko ta tara, daidai shi ta biyu za ta tara, ko da ɗaya ta ninka ɗaya girma sau goma.

Yanzu ku tuna da daro da kwalba. An ba kowa kofi ɗaya. Wa ruwansa zai fi tsawo? Kwalba. Haka nan a haɗin sarƙa, mai ƙaramin ci ita ke ɗaukar babban boltej. In kuma aka tara boltej ɗinsu duka, sai ya ba da na batir.

Matakan lissafin uku ne.

Na ɗaya, a nemo jimlar ci. Ƙa'idarsa ita ce 1/C = 1/C1 + 1/C2, har iyakar yawansu. In guda biyu ne kaɗai, sai a ninka su, a raba da jimlarsu.

Na biyu, a nemo caji: jimlar ci sau boltej na batir.

Na uku, a raba cajin nan da cin kowace, a sami boltej ɗinta.

Mu ɗauki waɗancan biyu, 3 µF da 6 µF, da batir mai bolt 12.

Jimlar ci: 3 × 6 = 18, a raba da 9, ya ba da 2 µF.
Caji: 2 × 12 = 24 µC, kuma kowace 24 ɗin ta ɗauka.
Boltej na 3 µF: 24 ÷ 3 = 8.
Boltej na 6 µF: 24 ÷ 6 = 4.
Gwaji: 8 + 4 = 12.

Ku lura da abu biyu. Jimlar ci ta kasa ko da cin ƙaramar, haka kuwa ya ke kullum a sarƙa. In ka sami amsa da ta fi ƙaramar, ka yi kuskure, koma baya. Sa'an nan rabon bai zama 6 da 6 ba. Wannan shi ne ramin da na fi ganin ɗalibai suna faɗawa a takardun jarrabawa. Raba daidai ba ya yiwuwa sai cinsu ya zama ɗaya.

Ga misalin guda uku: 2 µF, 3 µF da 6 µF, a kan bolt 12. Wanda ya karanta rabon gado a makarantar zaure ya san rabi da sulusi da sudusi in an tara su guda cikakke ne. Saboda haka jimlar ci 1 µF ce, caji 12 µC. Sai boltej ya zama 12 ÷ 2 = 6, da 12 ÷ 3 = 4, da 12 ÷ 6 = 2. A tara, 12.

Idan haɗin ya gauraya

Wani lokaci a kan kawo tsani da sarƙa cikin tambaya ɗaya. Kada gabanku ya faɗi. A dunƙule tsanin tukuna ya zama kafasita guda, sa'an nan a bi matakan nan uku.

Misali, batir biyu na sola sun ba da bolt 24. An haɗa 5 µF da 7 µF a tsani, aka sa 4 µF a gabansu a sarƙa.

Tsanin: 5 + 7 = 12 µF.
Sarƙar: 4 × 12 = 48, a raba da 16, ya ba da 3 µF.
Caji: 3 × 24 = 72 µC.
Boltej na 4 µF: 72 ÷ 4 = 18.
Boltej na tsanin: 72 ÷ 12 = 6, watau 5 µF tana da 6, 7 µF ma tana da 6.
Gwaji: 5 × 6 = 30, 7 × 6 = 42, jimla 72.

Mu koma rumfar mai gyara

Da hayaƙi ya lafa, na karɓi biro na juya bayan kwali, muka zauna ni da shi. Tambayar farko ita ce, bolt nawa ke kan wurin? Ya ce 230, tun da ita ce wutar gida a Nijeriya. Na ce a'a. Wutar gida kai da kawowa ta ke yi, sau 50 cikin daƙiƙa guda, 230 ɗin nan kuwa matsakaicin ƙarfinta ne na aiki. Ƙololuwarta ita ce 230 × 1.414, watau wajen 325. Cikin talabijin akwai dayod da ke miƙar da wutar ta bi hanya ɗaya, kafasitar kuwa har ƙololuwa ta ke cika. Shi ya sa masu ƙira suka sa mai 400.

Sai muka bi matakan.

Jimlar ci: 470 × 100 = 47,000, a raba da 570, wajen 82.5 µF.
Caji: 82.5 × 325, wajen 26,800 µC.
Boltej na 470 µF: 26,800 ÷ 470 = 57.
Boltej na 100 µF: 26,800 ÷ 100 = 268.

Ya daɗe yana duban lambar nan. Abin da aka yi domin 200 an ɗora masa 268, ƙari wajen sulusi, alhali babbar tana zaune da 57 kamar ba da ita a ke yi ba. Ya ce, "Ashe Malam ƙaramar na kashe da hannuna." Na ce, "Ni da kai muka kashe ta, gama a gabana ka like ta."

Maganarsa ta farko tana da gaskiya a wuri ɗaya tak. Iyakoki su kan taru a sarƙa in kafasitocin cinsu ɗaya ne. Da ya sami 220 µF guda biyu masu 200 V, da sun ba da 110 µF, kowace ta ɗauki wajen bolt 163, a zauna lafiya.

Ko a hakan ma akwai saura. Irin waɗannan na gwangwani, lambar da ke jikinsu ta kan saɓa da ainihin cinsu, har da kashi 20 cikin 100 sama ko ƙasa. Har wa yau kowace tana ɗan yoyo ta ciki, kuma yoyon bai zama ɗaya ba, in an daɗe a kunne sai rabon ya karkata. Maganin wannan shi ne a gitta wa kowace rasista babba, duka masu lamba ɗaya, su tsare rabon. Wanda ya taɓa buɗe akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur zai ga haka: kafasita biyu masu 200 V a sarƙa, kowace da rasistarta a gefe. Mu dai daga bisani haƙuri muka yi har aka kawo mai 400 ɗin.

Gwajin da za ku yi a aji

Ku da za ku fita koyarwar gwaji, kada ku tsaya ga allo kaɗai, gani ya kori ji. Ku nemi batir mai bolt 9, da mita, da kafasita biyu, 1,000 µF da 2,200 µF, masu 16 V ko fiye. A tabbata ba caji a cikinsu. A haɗa su a sarƙa, ƙafar − ta ɗaya ta kama ƙafar + ta ɗayar, ragowar + ta tafi + na batir. Kafin a auna, ku sa kowane yaro ya rubuta abin da ya ke zato. Mafi yawa za su ce 4.5 da 4.5, waɗansu su ba babbar kaso mai tsoka. Sa'an nan a ɗora mita nan da nan. Ƙaramar za ta nuna wajen 6, babbar wajen 3. Yaron da ya ga zatonsa ya faɗi a idonsa ba ya mantawa.

Amma ku ja musu kunne. Gwajin nan da batir a ke yinsa, ba a kusantar wutar bango. Kafasitar cikin talabijin ko inbata tana iya riƙe bolt ɗari uku bayan an zare waya, ta kuwa isa ta yi wa mutum illa. Mai gyara ya kan sauke cajin ta cikin rasista, ya auna da mita, kana ya sa hannu. Gitta mata sukudireba ganganci ne.

Aikin gida

1. An haɗa 10 µF da 15 µF a sarƙa a kan bolt 100. Nemo boltej na kowace.

2. An mai da su haɗin tsani a kan bolt 100 ɗin. Nemo boltej da cajin kowace.

3. An haɗa 330 µF da 220 µF a sarƙa, kowace iyakarta 200 V, a kan bolt 325. Za su ɗauka? In wutar gida ta hau zuwa 240 fa?

Ku rufe nan da hannu sai kun gama. Ta farko, jimlar ci 6 µF, caji 600 µC, ƙaramar 60, babbar 40. Ta biyu, kowace 100, caji 1,000 µC da 1,500 µC. Ta uku, ƙaramar 195, babbar 130, watau da ƙyar ta sha. In wuta ta kai 240, ƙololuwa ta zama wajen 339, ƙaramar ta haura 203, ta wuce iyaka.

Yaran da za ku koyar a Mubi da Maiha da Michika, waɗansu za su wuce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan garin, amma da yawa rumfar gyara za su buɗe, da fanka da inbata da cajar waya a gabansu. Abin da kuka faɗa musu a aji da shi za su yi aiki. In kun ce musu boltej yana taruwa a sarƙa, to ku ƙarasa musu yadda a ke rabonsa. Wanda ya kakare a wani lissafi ya same ni a ɗakin gwaji bayan la'asar.